Rasuwar Uwar Shafi, Mai 'Ya'ya a Gari Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, har ba sauran inda za a ajiye wani, Malam Zayyad Dalhatu, mai shagon kwamfuta da cajin waya a bakin kasuwar Bukkuyum, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa latsa wani abu a shafin intanet na Ƙungiyar Dillalan Gero, Dawa da Wake, rasuwar Uwar Shafi. Rai ya yi halinsa ranar Talatar da ta gabata bayan sallar azahar, a cikin kwamfutarsa ta cinya, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana da shekara huɗu a duniya, wanda a wurin irinsu tsufa ne mai albarka.

Sunanta na yanka base.html, amma ba mai kiranta da shi sai kwamfuta. Waɗanda ba su san ta ba su ne suka fi yawa, domin marigayiya mai kunya ce, ba ta taɓa fitowa gaban mutane da kanta ba. Ita fayil ce guda ɗaya wadda ke ɗauke da duk abin da shafukan ƙungiyar suka yi tarayya a kai: sallamar da ke sama, hoton damin gero, jerin mahaɗai, wato 'yan rubuce-rubucen nan da ake latsawa su kai mutum wani shafin, sai lambar waya da addu'ar rufewa can ƙasa. A tsakiyarta kuwa ta bar fili, kowane shafi ya zo ya zuba nasa labarin. Abin da ake nema daga shafi bai wuce layi ɗaya ba a samansa, inda zai shaida cewa shi ɗan Uwar Shafi ne. Da ya faɗi haka ya ci gado, ba alƙali, ba shaidu.

An haife ta da daminar 2014. A lokacin Zayyad ya dawo daga karatun kwamfuta da takardar shaida da dogon buri, ga shi mahaifinsa, Malam Dalhatu, bai daɗe da rasuwa ba. Malam Dalhatu shi ne sakataren ƙungiyar tun kafuwarta, kuma shi kaɗai ya iya zaunar da shugabannin rassanta uku wuri ɗaya: Alhaji Makau na Anka, Alhaji Bala na Bukkuyum, da Malam Bature na Gummi. Abokai ne tun suna hawa bayan manyan motoci zuwa cin kasuwa. Sun ci a kwano ɗaya, sun kwana a kan buhu ɗaya, amma ba wanda zai yarda a ce ɗan uwansa ya fi shi a ƙungiya ko da da ƙwayar gero. Dabarar da marigayi ya yi musu ita ce, ƙungiya ba ta da shugaba na gaba ɗaya. Garin da aka zauna taro, shugaban garin shi ke buɗewa da addu'a, shi ke fara sa hannu a kwano, sauran biyun baƙi ne. Dokar ta yi shekaru tana aiki ba gargada, domin ɗan Adam in zai zauna, dole a wani gari zai zauna.

Bayan rasuwarsa taro ya fara ja da baya. Wannan ya ce ciwon ƙafa, wancan ya ce mota ta ƙi tashi, na ukun ya ce bai ji aike ba alhali a gabansa aka karanta. Zayyad yana kallo abin da mahaifinsa ya ɗaure yana kwancewa, abin yana cin ransa, ga shi ba shi da furfura, ba shi da bakin yi wa dattawa magana. Abin da ya iya kawai kwamfuta. Sai ya ce zai gina musu shafi ɗaya mai sassa uku, kowane gari da ƙaramar manhajarsa da 'yan shafukanta, amma duka a ƙarƙashin rufi guda, kamar gidan gandu. Rufin nan shi ne marigayiya. Dabarar kuwa ta ci, domin daga nan dattawan suka sami sabon abin da zai tara su. Duk wata sai sun zo shagonsa sun jeru a benci sun yi gardama a kan shafin. Da yake shagon a Bukkuyum yake, Alhaji Bala ke buɗewa da addu'a, sauran biyun su ce amin a taƙaice. Zayyad bai damu ba. Ko gardama ce, shi dai a yi ta a gabansa, su ukun suna zaune.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da kyawawan halaye. Ba ta da haɗama, ba ta cinye wa talaka data. Ko a ƙauyen Tungar Guru, in mutum ya hau tudu ya ɗaga waya sama ya yi haƙuri, za ta buɗe masa. Ba ta taɓa nuna bambanci tsakanin 'ya'yanta ba, irin rigar da ta sa wa Anka ita ta sa wa Gummi. Amma babban halinta, wanda Zayyad ba ya iya ambatarsa yanzu sai ya juya fuska wajen bango, shi ne magana ɗaya ake gaya mata. Shekarar da Alhaji Bala ya ɗinke wayar ƙungiya a cikin buhun wake ta bi mota zuwa kudu, dole aka sake lamba. Zayyad ya buɗe Uwar Shafi ya canza layi ɗaya, ya rufe, ya ci gaba da shan furarsa. Alhaji Makau ya ɗauki waya ya bi shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, na garinsa da na maƙwabta, ko'ina sabuwar lamba ce. Sai ya juyo ga yaron.

"Ɗan Dalhatu, hwaɗa man gaskiya, wa yat tai Anka yag gyara muna namu?"

"Baba, ba wanda yat tahi," in ji Zayyad. "Uwa guda ta. In an hwaɗa mata, ɗiyanta duk sun ji."

Alhaji Makau bai gamsu ba. Har ya koma gida yana gaya wa mutane cewa lallai Dalhatu ya bar wa yaron nan wani sirri.

Marigayiya ba mai yawan magana ba ce. Sautin da aka san ta da shi shi ne na fankar kwamfuta, fuuu, fuuu, duk lokacin da take tattara 'ya'yanta za ta fitar da su gaban baƙo. Zayyad ya sha rantsewa cewa yana bambance fuuu ɗin lafiya da fuuu ɗin damuwa. Mahaifiyarsa, Inna Tasalla, wadda ke aiko masa da abinci shago wani lokacin kuma ta kawo da kanta don ta ga ko yana raye, ta ce duk ɗaya ne, ƙaiƙayin kasuwa ne ya toshe fankar.

Ciwon ajali ya soma ne a 2016, kuma kamar yawancin cututtukan manya, da abin alheri ya shigo. Dattawan suka ce a yi wa kowane reshe shafin shugabansa, da hoto da tarihin rayuwa. Zayyad ya yi, ya raɗa wa shafin suna shugaba a sashen Anka, shugaba a na Bukkuyum, shugaba a na Gummi, domin me kuma zai kira shi? Sannan ya ƙara wa Uwar Shafi mahaɗi guda mai cewa Shugabanmu, wanda zai bayyana a ko'ina. Abin da bai lura da shi ba shi ne, tsarin da ya yi ginin da shi yana da wata ɗabi'a. In aka kira suna ɗaya masu amsawa suka yi yawa, ba ya tambaya, na ƙarshe a jeri yake miƙowa. Zayyad kuwa ya jera garuruwan ne bisa haruffa, Anka, Bukkuyum, Gummi, jerin da Malam Bature ya daɗe yana gunaguni a kansa cewa an mai da shi wutsiya.

Asiri ya tonu a wani ɗaurin aure a Anka. Alhaji Makau yana zaune cikin surukansa da wani babban mai sayen wake da ya zo daga Ibadan, ya zaro waya ya ce bari ya nuna musu yadda zamani ya san da zamansa. Ya latsa Shugabanmu, ya miƙa wa baƙon ba tare da ya duba ba. Baƙon ya dubi waya, ya dubi Alhaji, ya sake duban waya, cikin ladabi ya ce ai Alhaji ya yi ƙiba tun bayan hoton. Malam Bature ne a ciki, da jar dararsa, riƙe da tiya, yana murmushi har kunne. Alhaji Makau ya karɓa ya latsa, ya sake latsawa, ya goge fuskar wayar da hannun riga ya ƙara latsawa, murmushin bai ragu ba. Nan take ya kira shago.

"Zayyadu, mi Bature ka yi cikin wayata?"

Da labari ya isa Gummi, Malam Bature ya aiko cewa kada a taɓa komai. "Ku bar ta yadda Allah yay yi ta," in ji shi. "Na'ura ba ta san son kai ba." Mutumin da jiya yake kukan an sa shi a ƙarshe, yau ya gano hikimar da ke cikin jerin haruffa.

Zayyad ya duba littattafansa ya samo magani, kuma magani ne da kowa ya sani tun a makarantar kwana. In aji ya tara Bala uku, ba a canza wa kowa suna, gari ake liƙa musu, a ce Bala Anka, Bala Gummi. Haka ya yi, ya sa wa kowane suna garinsa a gaba, anka:shugaba, bukkuyum:shugaba, gummi:shugaba. Sai dai garin sauri ya manta bai sanar da Uwar Shafi ba. Baiwar Allah ta tashi ta kira shugaba tsurarsa kamar yadda ta saba, shiru, ba mai wannan sunan a gidan kuma. Nan ta yanke jiki ta faɗi, da ita da 'ya'yanta na gari uku. Duk shafin da aka buɗe sai allo ya yi rawaya fatau, cike da Turanci mai ban tsoro. Inna Tasalla ta shigo da kwanon tuwo, ta leƙa, ta girgiza kai.

"Shawara ta kama ta," ta ce. "A samo mata rake."

Ba a kai ga rake ba. Zayyad ya zauna ya koya wa marigayiya ta riƙa duba ƙofar da baƙo ya shigo. Wanda ke cikin sashen Anka in ya latsa Shugabanmu a nuna masa Alhaji Makau, wanda ke sashen Gummi a nuna masa Malam Bature. Sai da ya gama rubutawa ya gane abin da ya rubuta, ashe dokar mahaifinsa ce, mai masauki shi ne shugaba, ga ta cikin na'ura tana aiki. Ranar ya yi ƙwalla, bai ɓoye ba. Marigayiya ta miƙe garau, fuuu ɗinta ya dawo daidai, aka yi kusan shekara ba a ji kanta ba, har aka fara cewa ta haye.

Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Gidan yana da zaure, wato shafin farko da baƙo ke faɗowa in ya rubuta adireshin ƙungiya, kuma zauren nan ba Anka ba ne, ba Bukkuyum ba ne, ba Gummi ba ne. Malam Dalhatu, da duk hangen nesansa, bai taɓa tunanin za a yi wurin zama da ba ya cikin kowane gari ba. In baƙo ya latsa Shugabanmu daga zaure, Uwar Shafi ta duba ƙofar da ya shigo ta ga ba ta kowa ba ce, sai tsohuwar ɗabi'a ta motsa, a miƙo na ƙarshe. Jar dara ta sake bayyana. Wannan karon Alhaji Bala ne ya gani, kuma a gaban yaransa na rumfa.

Aka kira taron gaggawa. Zayyad ya ce a cire mahaɗin daga zaure baki ɗaya, su ukun suka haɗa baki karo na farko cikin shekaru suka ce su ba marayu ba ne da za a ce ƙungiyarsu ba shugaba. Ya ce to a riƙa juyawa, ranar kasuwar kowane gari a nuna nasa, suka ce ranar da ba a cin kasuwa fa, wa za a nuna, shi Zayyad? A ƙarshe ya ce zai sa hotunan su ukun a jere, girmansu ɗaya, ba wanda zai ɗara wani da ko gashin gira. Suka ce wa zai zo farko?

A nan ne Zayyad ya yi abin da har gobe iyali ke alfahari da shi, ko da yake shi ya ƙarasa marigayiya. Ya sa Alhaji Makau a hagu, ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa karatun boko daga hagu yake farawa. Ya sa Malam Bature a dama, ya raka shi alwala ya tuna masa cewa shi malami ne, ya san daga inda ajami ke farawa. Alhaji Bala ya faɗo tsakiya, shi kuwa ba sai an gaya masa wanda ake sawa a tsakiya in za a ɗauki hoto ba. Ya juyo musu kwamfuta suka ga kansu a jere a faffaɗan allo, kowa ya gyara zama yana tausaya wa sauran biyun a zuci. Ranar har tsire suka aika aka sayo, Malam Bature ya ce a ƙara wa ɗan Dalhatu tsinke biyu.

Murna ta hana Zayyad dubawa a waya. Shi da kansa, shekaru biyu kafin nan, ya koya wa Uwar Shafi wani hali na tausayi: in ta ga allo ƙarami ne, kada ta matse abubuwa su zama kamar ƙwayar ridi, ta ɗora su ɗaya bisa ɗaya don masu raunin ido. Ita kuwa ba ta mantuwa. Washegari kowane dattijo ya buɗe wayarsa a garinsa don ya nuna wa jama'a. Alhaji Makau na can sama. Alhaji Bala na ƙarƙashinsa. Da yake hotunan na tsaye ne, daga hula har takalmi, Malam Bature ya sami kansa inda ba ya zato. Bai kira waya ba, da kansa ya zo, bai ma zauna ba.

"Ƙarƙashin takalmin Bala anka aje ni," ya ce. "Sai na yi ta ja da yatsa kamar mai jan guga kahin in ga hulata. Ko ubanka bai taɓa yi man haka ba."

Zayyad ya ba da haƙuri har ƙasa, ya ce a ba shi zuwa la'asar zai gyara. Amma magana ta riga ta fita, kuma kowa ya gano raɗar da aka yi wa ɗan uwansa.

Daga nan jinya ta yi tsanani. Dattawan suka daina zuwa tare, kowa ya riƙa zuwa shi kaɗai, yana leƙe kada ya tarar da wani. Alhaji Makau ya ce a mai da sashen Anka kore. Malam Bature ya ce in Anka ta yi kore to Gummi shuɗi, kuma a tsawaita sallamarsu. Alhaji Bala, wanda bai da wata buƙata, ya zauna ya yi tunani har ya samo: a ƙara wa damin geronsu tsawo. Zayyad ba ya iya cewa a'a ga abokan mahaifinsa, sai ya riƙa cusa wa Uwar Shafi sharuɗɗa, idan Anka ce ki yi kaza, idan Gummi ce ki yi kaza, idan Bukkuyum ce kuma ba Gummi ba ki yi kaza. Ta kumbura har shi da ya haife ta ba ya gane kanta da ƙafarta. Aiki ya koma gyaran gangar Auzinawa, a taɓa launi a Gummi lambar waya ta ɓace a Bukkuyum. A cikin wannan hali ne mutanen Anka suka wayi gari da layya shafinsu yana yi musu barka da shan ruwa. Fuuu ɗin nan mai sanyi ya koma ƙirrr, ƙirrr, wannan karon ko Inna Tasalla ba ta ce ƙaiƙayi ba ne.

Da kakar bana Malam Bature ya aiko cewa Gummi na son rufin kanta. Kafin a yi sati Alhaji Makau ya aiko da irin wannan saƙo, ya ƙara da cewa shi ya fara tunanin, aike ne ya makara. Zayyad ya hau kabu-kabu ya je Gummi, ya je Anka, ya durƙusa a zaurukansu, aka ba shi fura mai kyau da nono mai kauri, aka sa masa albarka, ba a ba shi abin da ya je nema ba. Ya dawo ya sami Alhaji Bala da sauran fatansa. Dattijon ya saurare shi har ya gama, ya dafa kafaɗarsa.

"Zayyadu, ni ba ni da hwaɗa da tsohuwar ga, ta yi muna ƙoƙari. Amma in sun hita na zamna ni ɗai, gobe a kasuwa a ce Bala yar rasa wurin zuwa. Cire man nawa."

Haka Zayyad ya zauna ya kwafi Uwar Shafi gida uku, ya ba kowane gari tasa ya yi yadda ya so da ita. Sannan ya bi shafuka ɗaya bayan ɗaya yana goge layin nan na sama da ke shaida ɗan wace ce. Na ƙarshe shi ne shafin farashin wake na Bukkuyum. Ya daɗe da yatsa a kan madanni kafin ya goge. Da ya buɗe shafukan don ya gwada, sai ga komai yana aiki lafiya lau, ba rawaya, ba ƙirrr, ba abin da ya nemi inda take. Ya ce wannan shi ya fi komai yi masa ciwo. Ba wanda ya kashe ta, kiranta aka daina yi, ita kuwa ta ce ga garinku nan.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku, kowa ɗauke da kamanninta sak, ba mai gaisawa da wani. Ta bar jikoki masu yawa, daga shafin farashi zuwa na hotunan taro, da wani shafi na tarihin ƙungiya wanda yanzu ya zama tarihi iri uku, a kowanne wani gari ne daban ya kawo shawarar kafuwa. Ta bar ƙanwarta, fayil ɗin ado da launi, wadda ita ma an raba ta uku tana nan rai a hannun Allah. Ta bar hoton damin gero, wanda kowane reshe ke cewa a gonar shugabansa aka ɗauka, alhali a bakin rugar wani Bafulatani Zayyad ya gan shi ya ɗauka bai ko nemi izini ba. Ta bar modem guda mai ido ɗaya, da bencin shago da kaji suka gaje. Sai shi Malam Zayyad, wanda tun ranar Talata ba ya cin abincin kirki. Iyali na roƙon masu zuwa ta'aziyya su daina ce masa ai fayil ce kawai. Ya sani.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa abin da ba shi da rai salla, amma sadaka ba ta taɓa zama laifi ba. An sha wahala kafin a sami maƙabarta, domin duk garin da aka ambata sauran biyun sun ce ba za su zo a matsayin baƙi ba. A ƙarshe an dace da wata tsamiya a bakin hanya, wadda bincike ya tabbatar ba ta cikin gonar ɗan ƙungiya ko surukinsa. A nan za a taru ranar Alhamis mai zuwa bayan azahar. Da yake wurin ba shi da mai masauki, matafiyin da ya fara wucewa shi zai buɗe taro da addu'a, in dai ba ya sayar da hatsi. Za a raba ƙosai da fura da kunun dawa, a sauke su lokaci guda don kada wake ya riga gero. A zo da wuri a koma da sauran rana, kowa ya san halin hanya.

Zayyad ne zai ja marigayiya da hannunsa ya saka ta a kwandon sharar kwamfuta. Kwamfuta za ta tambaye shi ko ya tabbata. Ana roƙon jama'a kada wani ya amsa masa.

Dattawan uku duk sun yi alkawarin halarta, kowa da sharaɗin sunansa ne zai fara zuwa a sanarwa. Saboda haka an buga wannan takarda kashi uku. Wadda ke hannunka ta Anka ce, in kai mutumin Gummi ne ko Bukkuyum ka naɗe ta ka dawo da ita shago, kada shugabanka ya gani. Bayan an gama bugawa aka sauya lokaci daga la'asar zuwa azahar, Zayyad ya zauna gyarawa ɗaya bayan ɗaya da hannu, ya gyara biyu, kuka ya ci ƙarfinsa, har yanzu bai tuna wacce ya tsallake ba. Don haka mai yiwuwa wani dattijo ya iso a makare, kuma za a jira shi. Zayyad ya ce ba zai latsa komai ba sai ya ga abokan mahaifinsa su uku zaune a inuwa ɗaya. In ɗaya bai zo ba, za a ɗaga jana'iza zuwa wata mai zuwa. In duk sun zo gardama ta kaure a kan wanda zai zauna kusa da kwamfuta, nan ma za a ɗaga zuwa wata mai zuwa, a wannan tsamiyar, da ƙosai.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa mu cika da imani. Marigayiya ba irin gawar da ke lalacewa ba ce, Zayyad kuma ba ya sauri.